Surukata tana yi wa ɗana ɗura, ƙwararriyar makaranta ta ce a daina

Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a ɗaya daga cikin unguwannin zango na Kumasi, a gidan iyayen mijina. Ɗana na biyu yana da shekara 6. Na yi doguwar naƙuda a haihuwarsa, bai yi kuka da wuri ba, daga baya likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wanda ya shafi motsin jikinsa. Yana iya zama, yana gane komai, amma maganarsa ba ta fita sosai, kuma yawu yana zuba masa. Bara muka samu makarantar boko da ta karɓe shi tare da sauran yara. Akwai wata ƙwararriya mai gyaran magana da take zuwa makarantar lokaci-lokaci. Ta zauna ta kalle shi yana cin abincin rana, sannan ta kira ni ta ce yana da matsalar haɗiya, tana tsoron abinci da ruwa suna shiga huhunsa. Da ta ji cewa surukata, wadda muke kira Mma, tana kwantar da shi a cinya ta yi masa ɗurar koko kowace safiya, sai ta ce a daina nan take, kuma a kai shi asibiti a duba haɗiyarsa. Gaskiya ne yana yawan ƙwarewa, idanunsa su kawo ruwa, yakan fi awa guda a kan kwano ɗaya, kuma an sha kwantar da shi saboda ciwon ƙirji. Mma ta ji haushi ƙwarai. Ta ce da ɗura ta raini 'ya'yanta duka, in aka daina yunwa za ta kashe yaron, kuma belu ne ke damunsa, a kira wanzami. Maigida ya ce ina ruwan malamar magana da abinci, in abin ya yi yawa a cire yaron daga makaranta. Ita kuma malamar ajinsu yanzu tsoron ba shi abinci take yi, ta ce in riƙa zuwa da kaina kullum da rana, alhali ina kasuwa. Anti, ina tsaka mai wuya. Wa zan bi?

Uwa mai damuwa, Kumasi

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Zan fara da amsar tambayarki kai tsaye, domin akwai abin da bai kamata ya jira sai an sasanta kowa ba. A kan maganar ɗura, ƙwararriyar nan tana da gaskiya, kuma a daina daga yau. A kan maganar belu, kada a bari aska ta shiga bakin yaron. Sauran abubuwan, wato ran Mma da ya ɓaci, da shakkar maigida, da tsoron malamar aji, duk za su gyaru in aka bi su a hankali, kuma ina ganin babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da yake nufin yaron da sharri.

Tambayar maigidanki tambaya ce ta hankali, kuma mutane da yawa suna yin ta, don haka ya cancanci a ba shi amsa. Leɓe da harshe da ganda da maƙogwaron da mutum yake magana da su, su ne dai yake tauna da haɗiya da su. Shi ya sa a karatun masu gyaran magana ake haɗa ilimin haɗiya, kuma a asibitoci su ake kira idan wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ya kasa haɗiye ruwa. Sana'ar ba ta daɗe da kafuwa a Gana ba, domin sai a 2016 Jami'ar Gana ta fara horar da su a matakin digiri na biyu, kuma har yanzu ba su da yawa idan aka kwatanta da masu buƙatarsu. Samun ɗaya da take taka ƙafa zuwa makarantar ɗanki, har ta zauna ta kalli yadda yake cin abinci, sa'a ce da iyaye da yawa suke nema ba su samu ba.

Ga abin da ta gani. A cikin wuya akwai hanyoyi biyu da suke maƙwabtaka, ta iska a gaba wadda take zuwa huhu, da ta abinci a bayanta wadda take zuwa ciki. Duk lokacin da muka haɗiye wani abu, numfashi yakan tsaya na ɗan lokaci, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, abincin ya wuce ta inda ya kamata. A wajen yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, wannan aiki yakan yi jinkiri ko ya rikice, sai ruwa ko koko ya riga murfin isa bakin hanyar. Tarin da yake yi da ruwan da idanunsa suke kawowa, jikinsa ne yake ƙoƙarin fitar da abin da ya ɓata hanya. Ki kuma saurari muryarsa bayan ya sha wani abu, idan ta koma kamar akwai ruwa a wuyansa, ita ma alama ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, wasu yara masu irin lalurarsa abinci yakan shiga hanyar iskarsu ba tare da sun yi tari ko kaɗan ba, ta yadda mai ba su abincin zai ɗauka komai lafiya, sai bayan kwanaki zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana. Kwanciyar asibitin da kika ce an sha yi saboda ciwon ƙirji, akwai yiwuwar daga nan take, kuma likita ne zai tabbatar. Haka ita ma awa gudar da yake yi a kan kwano. Masana sukan ce cin abincin da yake wuce kamar minti 30 a kai a kai alama ce ta matsala, domin yaro yana gajiya, haɗiyarsa tana ƙara lalacewa yayin da ya gaji, kuma ƙarfin da yake ƙonawa wajen fama da abincin yana cinye wani ɓangare na abin da ya ci.

Yanzu ki duba yadda ɗura take. An kwantar da yaro, kansa ya koma baya, an tara koko a tafin hannu an kafa a bakinsa, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya buɗe baki. Yana kuka, kuma mai kuka dole ya ja numfashi, ga kuma koko cike da bakinsa. Ko yaro mai cikakkiyar lafiya yana cikin haɗari a wannan hali, balle wanda murfin hanyar iskarsa yake makara. Kusan haka abin yake da ruwan leda, wanda ake huda gefensa a matsa wa yaro a baki yana ɗaga kai sama, ruwan ya zo da sauri fiye da yadda zai iya sarrafawa. A zuba masa a kofi, ya sha kurɓi-kurɓi, kansa a miƙe.

Belu kuwa ba shi ne matsalar ba. Matsalar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa take ba tsokoki umarni, kuma cire belu ba zai taɓa wannan ba. Abin da zai iya jawowa shi ne zubar jini a bakin yaron da tun farko ba ya iya haɗiye yawunsa da kyau, da shigar ƙwayoyin cuta, da ciwon da zai sa ya ƙi abincin gaba ɗaya.

Sai dai ina so ki tsaya ki kalli abin daga inda Mma take zaune. Tsohuwa ce da take tashi da sassafe ta dama koko, ta ɗauki jikan da wasu kakanni sukan ɓoye a ɗaki don kunya, ta yi fama da shi har kwanon ya ƙare, don tana ganin ramarsa tana jin tsoro. Rana ɗaya sai aka aiko mata, ta bakin surukarta, cewa wata yarinya da ba ta taɓa gani ba ta ce aikin nan nata cutar da yaron yake yi. Ba kowa ne zai karɓi wannan da fara'a ba. Tsoron da take yi na yunwa kuma gaskiya ne, domin idan aka daina ɗura ba a kawo wata hanyar da abinci zai shiga cikinsa ba, yaron zai ƙara ramewa, ita kuma ta ce ai ta faɗa. Don haka kada ki je mata da hani kawai. Kuma a ganina ba bakinki ne ya kamata maganar ta fito ba, saboda a gidajenmu gyaran da ya fito daga matar ɗa yakan zama raini ko da gaskiya ne. Ki fara shawo kan maigida a keɓe, ki tuna masa kuɗin da ya kashe a kwanciyar asibiti da kwanakin da ya rasa a wajen nema, ki roƙe shi ya je makarantar ranar da ƙwararriyar za ta zo, ya yi mata tambayarsa da kansa. Idan ya gamsu, shi zai zauna da mahaifiyarsa, ko ya nemi wata 'yar uwarta da take jin maganarta, ko wata ma'aikaciyar jinya ta unguwa da take da girma a idonta. Abin da za a gaya mata shi ne wannan jikan haɗiyarsa daban take da ta 'ya'yan da ta raina, likitoci sun ce sai an ba shi a zaune, kuma babu wanda yake da haƙurin da za a danƙa wa wannan aiki kamarta. Ki bar mata damun koko da ba shi na safe, salon ne kawai zai canza. In ƙwararriyar za ta yarda Mma ta zo ta ga yadda take ba shi da cokali, ya fi dogon bayani amfani, domin tsofaffi sun fi yarda da abin da idonsu ya gani.

Ga yadda zaman ya kamata ya kasance kafin a kai ga asibiti. Ya zauna a miƙe a kujera mai majingina, ƙafafunsa suna taka ƙasa ko wani ɗan akwati, a tallafe gefensa da matashi ko naɗaɗɗen zane in yana karkacewa, haɓarsa ta ɗan sunkuya, kada kansa ya koma baya. Mai ba shi ta zauna a gabansa daidai tsayin idonsa, domin idan ta tsaya a kansa dole ya ɗaga kai ya bi cokalin. A yi amfani da ƙaramin cokali, a ɗebo kaɗan, a jira har an ga maƙogwaronsa ya motsa kuma bakinsa ya zama babu komai kafin a ƙara. Idan ya fara tari, a dakata har ya huce. Idan barci yake ji, a bari. Ya fi kyau a raba abincin zuwa ƙananan ci biyar ko shida a yini da a tsare shi a kan babban kwano. Bayan ya gama, ya ci gaba da zama a miƙe na kamar rabin awa, a duba kumatunsa ko ya ɓoye abinci, a kuma wanke masa baki da haƙora safe da dare, saboda ƙwayoyin cutar da suke taruwa a baki su ne suke bin yawu su sauka huhu.

Batun kaurin abinci shi ne inda nake so ki yi taka-tsantsan da shawarar kowa, har da tawa. Yara da yawa masu irin wannan lalura sun fi samun sauƙi da abu mai ɗan kauri da santsi fiye da tsinkakken ruwa, amma ba duka ba, kuma kaurin da ya wuce kima yakan maƙale a wuya ko ya sa yaro ya rage shan ruwa har jikinsa ya bushe. Ƙwararriyar ce za ta faɗi matakin da ya dace da shi. Akwai ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa mai suna IDDSI, wanda ya kasa abinci da abin sha gwargwadon kauri da laushinsu daga mataki na 0 zuwa na 7, kuma ana gwada wasu daga cikin matakan da cokali na gida. Ki ɗauki abincin gidanku ki kai mata, koko da tuwo da miyar ayoyo da duk abin da kuka saba ci, ta nuna miki a kansu. Abin da zan iya gaya miki shi ne nau'in da ya fi wahala. Wake da shinkafa da aka barbaɗa wa garin rogo aka sa taliya yana warwatsewa a baki. Fufu yana da danƙo kuma dunƙule ake haɗiye shi. Romo mai gutsattsarin nama ko kifi ya haɗa ruwa da tauri a loma ɗaya, ruwan ya gudu ya bar naman. Gyaɗa, guguru, alewa mai tauri da ƙashin kifi, a nisanta shi da su. Ki kuma lura da wani abu game da koko. Idan cokali yana shiga baki yana komawa kwano, yawun da yake kai yana narkar da sitacin, sai kokon da aka fara da kauri ya tsinke kafin a kai rabi. Ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a wani ƙaramin kwano. Don amsa tsoron Mma kuma, a ƙara wa abincin ƙarfi ba tare da ƙara yawansa ba, da madarar gari, da ɗan mai, da garin waken suya, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka dama ta narke sosai a ciki, in dai ba ta taɓa yi masa illa ba.

Asibiti kuwa kada ya wuce makon nan ko na gaba. Ki roƙi ƙwararriyar ta rubuta abin da ta gani a takarda, ki haɗa da littafin awonsa da takardun kwanciyar da aka yi masa, ki je wurin likitan yara. Idan ana buƙatar bincike mai zurfi, za a iya tura ku Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Ki ɗauki ɗan bidiyonsa a waya yana ci yana sha a gida, domin yara sukan ƙi buɗe baki a gaban likita. Ki nemi a auna nauyinsa a kwatanta da na baya, a haɗa ku da masanin abinci, a kuma duba ko abinci yana dawo masa daga ciki, wanda yakan faru da irin waɗannan yara. Akwai hoton da ake ɗauka yayin da yaro yake haɗiye abincin da aka gauraya da wani farin sinadari, wanda yake nuna inda abincin yake bi, ki tambaya ko ana buƙatarsa da inda ake yi. Idan yana shan magani, kada ki daka ƙwaya sai kin tambayi mai ba da magani. Zan kuma gaya miki tun yanzu don kada ya zo miki a ba-zata, cewa a wasu lokuta likitoci sukan ba da shawarar saka bututun abinci ta hanci na ɗan lokaci, ko ta ciki idan abin zai daɗe. Mai yiwuwa ɗanki ba zai kai ga haka ba, amma in an kawo maganar, ku saurara ku yi tambayoyi kafin ku ƙi, domin akwai yaran da sai bayan haka suka yi ƙiba suka huta da ciwon huhu.

Cire shi daga makaranta ba zai gyara haɗiyarsa ba, zai dai raba shi da mutum ɗaya da ta gano matsalar, da kuma abokan da yake koyon magana a cikinsu. Dokar naƙasassu ta Gana ta 2006, mai lamba 715, ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda naƙasarsa sai in hukuma ta auna shi ta ga makaranta ta musamman yake buƙata, kuma manufar ilimi ta 2015 ta tanadi cewa irin waɗannan yara su yi karatu tare da sauran. Ki san wannan, amma kada ki shiga ofishin shugaban makaranta da shi a matsayin makami, domin tsoron malamar ajin yana da dalili. Tana da yara da yawa a gabanta, an gaya mata ɗaya zai iya shaƙewa, ba a koya mata abin da za ta yi ba. Ki nemi zama ɗaya da ita da shugaban da ƙwararriyar, a fito da takarda guda mai ɗauke da abin da yake ci, da abin da ba ya ci, da yadda yake zama, da sunan mai ba shi, da wanda zai maye gurbinta ranar da ba ta nan, da lambar da za a kira. A liƙa ɗaya a aji, ɗaya a gida inda Mma take ba shi koko. Ki riƙa haɗa masa abincinsa daga gida a kaurin da aka amince da shi. Idan za ki iya zuwa da rana na mako ɗaya ko biyu har malamar ko wata mai taimaka mata ta saba, ya fi ki ɗaure kanki da zuwa kullum. In hakan bai yiwu ba, a nemi wata 'yar uwa ko maƙwabciyar makarantar a koya mata a riƙa ba ta ɗan abin hasafi, ko kuma na ɗan lokaci ya yi rabin yini ya dawo gida ya ci. Ofishin jin daɗin jama'a na majalisar yankinku yana da hannu a kason kuɗin da ake ware wa naƙasassu, ki je ki yi masa rajista ki tambayi ko za a taimaka da kujerar zama ta musamman, kuma ki tabbata katin inshorar lafiyarsa bai ƙare ba.

Duk wanda zai ba shi abinci, a gida ko a makaranta, ya koyi abin da ake yi idan ya shaƙe, kuma a nemi ma'aikacin lafiya ya nuna da hannu. Idan yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin, kada a ɗura masa ruwa, kada a zura yatsa a laluba. Idan ya kasa tari ko sauti, ko leɓensa ya canza launi, a sunkuyar da shi gaba a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau 5, in bai fita ba a rungumo shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama har sau 5, a yi ta maimaitawa yayin da wani yake kiran 112 ko neman mota. Zazzaɓi da saurin numfashi bayan ya ƙware, ko raguwar fitsari, su ma na asibiti ne a ranar.

Kin ce yana gane komai, don haka a sa shi cikin shirin. A koya masa alamar da zai yi da hannu ko ido idan yana son ƙari, da wadda zai yi idan yana son a dakata, kuma a mutunta alamar ko da kwanon bai ƙare ba. Yaron da aka daɗe ana yi wa ɗura yakan tsorata da ganin cokali, zai iya kawar da kai a kwanakin farko, kuma a nan ne Mma za ta so komawa ga abin da ta sani. Ki shirya wa wannan tun kafin ya zo. Ku yi yarjejeniya da ita da maigida cewa za a riƙa auna nauyinsa a asibitin unguwa duk bayan mako biyu, a rubuta a littafin awo, kuma idan aka ga yana raguwa, wurin likita da ƙwararriyar za a koma a canza tsarin abincin.